Lokacin da na yi kishin ciwon ƙanwata

Shekarun baya can, ina 'yar shekara goma sha biyar, na yi wani abu da sai yanzu nake iya ba da labarinsa ba tare da na rufe fuska ba. Ku yi min dariya in kun so, ni ma na sha yi wa kaina. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna.

A wani ƙauye kusa da Tiga muka taso. Mahaifina noman rani yake yi, tumatir da albasa, da damina kuma masara. Mu biyu ne wurin mahaifiyata, ni ce 'yar fari, sai ƙanwata da na ba shekara uku. Kakarmu ta wajen uba ma a gidan take, ɗakinta na kallon namu.

Mahaifiyata Bafulatana ce daga wajen Doguwa, kun kuwa san su da kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana. “Ke” nake, in kuma da wani take magana, “waccan”. In baƙi suka yabi tuwon da na tuƙa sai ta tashi ta shige ɗaki kamar an zage ta. Yanzu na san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Amma a lokacin ban san wata al'ada ba, fuska kawai nake karantawa.

Ƙanwata kuwa sikila ce. Wanda bai taɓa zama da mai wannan ciwo ba, ba zai gane ba. In ya tashi sai ta dunƙule a tabarma kamar an ɗaure ta, tana “Inna ƙafata, Inna bayana,” hawaye na zuba ba ƙara. Nan take Inna za ta saki duk abin da ke hannunta, ta ɗora ta a cinya, tana gasa mata jiki da ruwan ɗumi tana kiranta da sunaye masu daɗi waɗanda ni ban san ma tana da su a baki ba. Baba ya baro gona, ya tayar da babur, a sa ta a tsakiya, Inna a baya ta rungume ta, sai asibiti a Tudun Wada. In suka dawo akwai ayaba, akwai lemo, akwai ƙwai.

Ni kuma akwai wanke-wanke, akwai daka, akwai kai abinci gona. Na taɓa miƙa hannu wajen ƙwan, Kaka ta doke min shi ta ce, “Ke da kike kamar saniyar turke, me za ki yi da ƙwai?”

Allah ya sani ina son ƙanwata. In ciwon ya yi tsanani ni ma kuka nake a bayan ɗaki. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani abu baƙi da ke cewa, ina ma ni ce a cinyar nan.

Ranar da abin ya fi cina ita ce ranar da na zo ta ɗaya a ajinmu. Da gudu na dawo da takardar sakamako, na tarar ciwon ya tashi. Na miƙa wa Inna, ta karɓa ba ta ko duba ba, ta ce, “Ke, ɗora ruwan zafi.” Da na dawo da ruwan na same ta tana yi wa ƙanwata fifita da takardar.

Bayan wannan ba da daɗewa ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, na gaske. Ina kwance ina rawar sanyi sai na ji hannu a goshina. Hannun Inna ne, mai sanyi, yana ƙanshin man shanu. Ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta ce, “Sannu,” a hankali, sau biyu. Da yamma aka dafa min ƙwai, ni kaɗai. Zazzaɓin ya tafi a kwana uku. Ni kuwa na yi kwana shida ban tashi ba.

Daga nan na buɗe sana'a. Wata ƙawata a makaranta ta taɓa cewa in ka sa albasa a hammata jiki na yin zafi, ga ni kuma 'yar mai gonar albasa, kaya a gida. Ban san ko tana aiki ba, na dai san na yi wata guda ina wari kamar miya. Daga zazzaɓi na koma ciwon ciki. Daga ciwon ciki na koyi suma, nakan zaɓi wuri mai yashi kafin in faɗi. Akwai ranar da na guntsi zoɓo na tofar a tsumma na ce tarin jini na yi. Kaka ta saka salati, ta ce ba shakka shafar iska ce, yarinyar nan ta cika bin bakin ruwa da tsakar rana.

Na kuwa biya kuɗin ƙaryata da bakina. Na sha jiƙon maɗaci har sai da na ji ɗaci a kunne. Na sha rubutu, na sha hayaƙi har idona ya yi ja, mai kemis ya tsira min allurai a banza. Baba ya bar tumatir ya nuna ya zube a gona yana yawo da ni wajen masu magani. Ina ganin duk wannan, kuma ban daina ba. Ba aiki nake gudu ba, ban taɓa ƙin aiki ba. Hasali ma ranar da nake kwance kewar makaranta nake yi. Hannun nan kawai nake so ya dawo goshina.

Abin haushin shi ne, ko a ciwon ma ta fi ni. In muka kwanta tare, Inna wajenta take fara zuwa. In na yi nishi sau ɗaya ita ta yi shiru, shirun nata Inna ke bi. Nakan kwanta ina lura da wa aka fi daɗewa a kansa, wa aka ba ayabar da ta fi girma. Ita kuwa ƙanwar tawa sai ta turo min nata ƙwan ta ce, “Yaya, ci, na ƙoshi.” Wallahi wannan kirkin nata ya fi komai ƙona min rai.

Sai wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Sanyi kuwa shi ne abokin gabarta. Tun kafin rana ta fito ta fara kiran ƙirjinta. Na ji Baba yana cewa a shirya ta, yana goge babur. Na ga Inna ta ɗauko zanenta na fita, ta ɗauko bargon da za ta lulluɓe ta. Ta wuce ni a bakin murhu ta ce, “Ke, ki kula da gida,” ko kallona ba ta yi ba.

Kaka tana da hawan jini, ƙwayoyinta na cikin wani gwangwani a ƙarƙashin filo. Tana bayan gida na shiga na buɗe na haɗiyi abin da na haɗiya. Ban yi tunanin komai ba. Na ɗauka zan ɗan ji jiri ne, in samu abin nunawa na gaske ko sau ɗaya.

Ruwa ya sake saukowa, suka tsaya jiran ya ɗan tsagaita. Kafin ya tsagaita na ji ƙasa na juyawa. A wannan karon ban zaɓi yashi ba, a kan dutsen murhu na faɗi, tabon na nan a haɓata har yau.

Abin da ya biyo baya Kaka ce ta ba ni labari. Babur ɗaya ne, ba zai ɗauki marasa lafiya biyu ba, maƙwabcinmu mai babur kuma ya tafi kasuwa tun asuba. Baba ya tsaya a tsakar gida yana kallon wannan yana kallon waccan. Sai ƙanwata ta ɗago kai daga bargo ta ce, “Baba, ku kai Yaya. Ni na saba.”

Haka aka sa ni a tsakiya, Inna a baya ta rungume ni tun daga ƙauyenmu har Tudun Wada. Abin da na yi shekaru ina mafarki ke nan, kuma ban san an yi ba, don ba na cikin hayyacina.

Na farka da ƙarin ruwa a hannu. Akwai wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya a ɗakin, gajera mai tabarau, kowa Sista yake ce mata. Ta aiki Inna ta samo ruwan shayi, ta ja labule, ta jawo kujera ta zauna dab da kaina.

Ta ce, “'Yata, jininki ya yi ƙasa irin na wadda ta sha maganin tsofaffi. Wa ke da hawan jini a gidanku?”

Na rufe ido na fara nishi, irin wanda na ƙware a kai.

Ta ce, “Ajiye wannan, babu kowa sai ni. Ni ba 'yar sanda ba ce. Guda nawa kika sha, kuma yaushe? In ban sani ba, maganin wani ciwo daban za mu yi ta yi miki, naki na cin ki.”

Ban san me ya sa ba, na faɗa mata. Ta fita ta gaya wa likita, aka canza abin da ake ƙara min, ta dawo ta zauna.

“Mutuwa kike so ki yi? Faɗa min gaskiya, ba zan yi miki faɗa ba.”

Na ce, “A'a wallahi.”

“To me kike so?”

Na buɗe baki na ce, “Ina so Inna ta…” Sai kuka ya ƙwace min. Ba kukan da nake haɗawa ba, wani ne mai muni, da majina da shessheƙa. Ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta yi ta tambaya a hankali, ni kuma na yi ta zazzagewa, da albasar, da zoɓon, da komai. A wajen zoɓon na ga ta cije leɓe don kada ta yi dariya.

Sai bayan la'asar Baba ya iso da ƙanwata, don ruwa ya cika hanya, sai da ya yi zagaye. Aka kwantar da ita a gadon da ke kusa da nawa. Leɓenta fari fat, numfashinta guntu-guntu. Aka yi ta gudu ana neman jinin da za a ƙara mata. Inna ta saki hannuna ta koma can. Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu: a wannan lokacin ma, ina kallon ƙanwata tsakanin rai da mutuwa saboda ni, da Inna ta saki hannun nan sai da na ji kishi. A nan na fara jin tsoron kaina.

Washegari da ƙanwata ta samu barci, Sista ta ce min dole Inna ta sani, saboda ƙwayoyin na nan a gida. Ta ce amma ba za ta faɗa a bayan idona ba, ba kuma a gaban mutanen ɗaki ba. Ta kai mu wani ɗan ofis ta rufe ƙofa, ta yi bayani.

Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba. Ta ce, “Duk ƙarya ce? Maɗacin nan, da yawon nan, da tumatirin mutumin nan? Yarinyar can ta kusa mutuwa a kan ƙarya?” Ta ɗaga hannu.

Sista ba ta riƙe hannun ba, magana kawai ta yi. Ta ce, “Baiwar Allah, ciwon cikin ƙarya ne, suman ma ƙarya ne. Amma ki tambayi kanki, yarinya mai lafiya tana haɗiye maganin kakarta? Akwai ciwo. Ba a inda take nunawa yake ba ne kawai. Na ga irinsu, yara da manya, har da masu jikoki. In kika dake ta, ko kika yi mata gori a cikin mutane, ba dainawa za ta yi ba. Ƙwarewa za ta ƙara yi wajen ɓoyewa, wata rana ta sha abin da ya fi ƙarfinmu.”

Inna ta sauke hannun a hankali. Ta ce, “To me aka rage ta da shi? Ci ko sutura?”

Sista ta ce, “Ke.”

Maganin da ta rubuta min babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ta ba ni kati ta ce duk bayan mako biyu, ranar Laraba, in zo, kuma Inna ce za ta kawo ni, ba Baba ba. Ta ce, “Ki zo ko da lafiya ko babu. Ranar da kika zo min da ciwo zan duba ki tsaf, in ban ga komai ba in sallame ki. Ranar da kika zo lafiya lau, shayi za mu sha mu yi hira.” Ta ce wa Inna a daina kai ni wajen masu magani, in na ce ba ni da lafiya a duba ni ba tare da tashin hankali ba, ba faɗa, ba kuma ƙwai. Ƙwan a ba ni ranar da nake tsaye. Akwai wani likitan masu damuwa da ke zuwa asibitin lokaci-lokaci, shi ma ta haɗa ni da shi na gan shi sau biyu ko uku.

Baba ban san iyakar abin da aka faɗa masa ba. Na dai ga ya sayo ɗan kwaɗo ya sa wa akwatin Kaka, ya mayar da gwangwanin ciki. Har ya rasu bai taɓa tayar min da maganar ba.

Larabar farko da ta biyu, ni da Inna a motar haya kamar baƙin juna, ita tana kallon taga ni ina kallon ƙafata. A ta uku, muna jiran mota ta cika, ta sayi gasasshiyar masara guda ɗaya ta karya biyu ta miƙo min rabi. Muna ci sai ta fara magana, idonta a kan titi. Ta ce ita ma 'yar fari ce. Ana yaye ta aka ba wa gwaggonta riƙo a wata ruga, uwarta sai da salla take ganinta, in ta gan ta ma kau da kai take yi.

Ta ce, “Ni haka na ga ana yi. Na gan ki a tsaye da ƙafafunki, na ɗauka ba kya buƙatata.”

Na ci gaba da cin masarata har mota ta cika.

Kada ku ɗauka na warke a ranar. Bayan kamar wata biyu ciwon ƙanwata ya sake tashi, washegari ni ma na wayi gari da “ciwon kai”. Inna ta zo ta taɓa goshina, ta ce, “Sannu. Ma gaya wa Sista ran Laraba.” Ta koma wajen aikinta. Ba jiƙo, ba salati, ba ayaba. Na yi ta kwanciya har azahar, yunwa ta tashe ni. Da Laraba ta zo ni da bakina na faɗa wa Sista, ta ce, “Madalla, wannan karon ke kika kama kanki.” Kusan shekara muka yi muna wannan zirga-zirga kafin ta ce in riƙa leƙo ta in na ga dama.

Ƙanwata ta tashi daga wannan kwanciya, amma tun daga lokacin ƙugunta bai koma daidai ba, tana ɗan ɗingishi. Likita ya ce masu sikila da yawa na samun haka, ba lallai jinkirin ranar ba ne. Na ji shi. Amma duk sanda na hango ta tana tahowa, ni na san abin da nake gani.

Na daɗe ban iya ba ta haƙuri ba. Sai wata rana ina yi mata kitso a inuwar ɗaki, kanta a cinyata, na ga ba ta kallon fuskata, na samu ƙarfin hali. Na ce, “Akwai abin da ban faɗa miki ba game da ciwon nan nawa.”

Ta ce, “Yaya, ai na sani tun farko.”

Hannuna ya tsaya. Na ce, “Wa ya gaya miki?”

“Ba kowa. Mai ciwon gaske ba ya leƙen ƙofa ya ga wa ke zuwa. Ke kuwa kullum ido ɗaya a buɗe.”

“To me ya hana ki tona ni?”

Ta ce, “Ranar da kike kwance, Inna ba ta bina da idon nan nata kamar yau zan mutu. Har wasa nake fita. Hutawa nake yi, Yaya.”

Na ce, “Amma kin san ƙarya nake, kika ce a kai ni a bar ki?”

Ta ce, “Ran nan ba ki leƙi ƙofa ba.” Sannan ta ce in sassauta hannu, ina ja mata gashi.

Yau ina koyarwa a Bebeji, ita tana aure a Kiru da 'yarta ɗaya. In aka kawo min ɗalibar da kullum sai ta suma a filin taro, ba na cewa a zane ta, ba na kuma cewa a ɗauke ta a guje. Nakan sa a duba lafiyarta tukuna, don wata da gaske take. In ba a ga komai ba, sai in nemi hira da ita ranar da take lafiya. Ba duka nake dacewa ba. Amma na san wanda ya kai ga cutar da jikinsa don a dube shi, ya daɗe yana neman hanyar da ta fi wannan sauƙi bai samu ba.

Kishin kuma, in ce muku ya tafi, na yi wata ƙaryar. Inna kullum da safe sai ta kira ƙanwata a waya, ni kuwa sai Juma'a. Watan jiya na tashi da ɗan ciwon kai, na ɗauki waya na kira ta, sai na ji muryata da kanta tana yin ƙasa tana shirin rawa. Mace da 'ya'ya uku! Na yi gyaran murya na ce, “Inna, lafiyata ƙalau. So nake ki zo.”

Ta ce, “Ƙalau ƙalau?”

Na ce, “Ƙalau.”

“To in zo in yi me?”

Na ce, “Ki zauna kawai.”

Ran Asabar sai ga ta da ƙwaryar fura, tana mitar hanya. Kwana biyu ta yi min. Rabin zaman a waya ta yi shi, tana tambayar ƙanwata ko ta sa rigar sanyi. Da wayarta ta mutu, tawa na miƙa mata, na matsa kusa na ci gaba da matsa mata ƙafa.